Shin awon jiki da gwajin tsalle suna nuna wanda zai yi fice a NBA?

Wani ɗan'uwa ya aiko mini da tambaya, ya ce: "Duk shekara idan lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya ƙarato, sai in ga ana ta yaɗa tsawon wane, tsawon hannuwan wane, da tsallen wane. Da gaske waɗannan alkaluma suna nuna wanda zai zama gwani? Ina da ƙane ɗan shekara 16 da ya kusa mita 2, jama'a sai zuga shi suke yi."

Malam, na daɗe ina horar da yara ƙwallon kwando, na kuma daɗe ina bibiyar waɗannan alkaluma, kuma abin da na gani shi ne awon jiki ƙofa ne. Yana faɗa maka wanda zai iya shiga ɗakin da kuma kujerar da zai iya zama a kai. Da zarar mutum ya shiga, bakin awo ya kusa mutuwa. Gwajin tsalle da gudu da ɗaga ƙarfe kuwa, maganarsu ba ta ma kai ta awon ba, duk da su ne suka fi cika ido a bidiyo.

Bari in fara da abin da ake yi a wurin awon. A watan Mayu na kowace shekara NBA tana tara samarin da ake sa ran za a zaɓa a birnin Shikago na Amurka. Kulob 30 ne a gasar, gurbin zaɓe kuma 60 ne kacal, zagaye biyu. Ana auna tsawon yaro ba takalmi, da nauyinsa, da girman tafin hannunsa. Ana sa shi ya buɗe hannuwansa biyu a auna daga ƙarshen yatsan wannan zuwa na wancan, wato abin da masu haƙar rijiya suke kira gaba. Ana kuma sa shi ya tsaya ƙafa a ƙasa, ya miƙa hannu sama iya ƙarfinsa, a ga inda yatsansa ya kai. Bayan nan sai gwaji: tsalle daga tsaye, tsalle da gudu, tseren kusan mita 23, da wani gudun zagaye na gaba da gefe da baya. A da kuma, shekaru da yawa, akwai ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 84 a kwance, a ƙirga sau nawa mutum ya ɗaga. Sannan likitoci su duba jiki ciki da waje, kulob-kulob kuma su zauna da yaron su yi hira.

A cikin wannan duka, awo biyu nake ba wa muhimmanci: gaba, da iyakar miƙar hannu. Dalili mai sauƙi ne. Ba da ƙoƙon kai ake wasan nan ba, da hannu ake yi. Yaro mai dogon wuya da gajerun hannuwa zai iya fin abokinsa tsawo da santimita 5, amma idan suka miƙa hannu abokin ya wuce shi. A wurin yawancin mutane gaba kusan daidai take da tsawo. A wurin 'yan NBA kuwa, abin da aka saba gani shi ne gaba ta fi tsawo da wajen santimita 10 ko fiye. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa wasan yana tace masu dogayen hannuwa tun kafin a zo Shikago.

Dubi Rudy Gobert, Bafaranshe, a 2013. Gabarsa mita 2.35, miƙar hannunsa a tsaye mita 2.92. Bakin kwando yana kan mita 3.05. Ka yi lissafi: tsallen santimita 13 kawai yake buƙata ya taɓa ƙarfen. Wani ɗan wasan sai ya durƙusa, ya tattaro ƙarfi, ya tashi, kafin hannunsa ya isa inda hannun Gobert yake tun yana tsaye, kuma a wannan ɗan lokacin ƙwallo ta riga ta wuce. Shi ya sa miƙa ta fi tsalle daraja a wajen tsaro: tsalle yana cin lokaci, yana gajiyarwa, ana kuma iya yaudarar mai tsalle ya tashi a banza, amma dogon hannu yana nan daga farkon wasa har ƙarshensa. An zaɓi Gobert a na 27, ya zo ya ci kyautar gwarzon mai tsaro na shekara har sau huɗu. Haka Draymond Green a 2012: tsawonsa ba takalmi bai cika mita 1.98 ba, aka ce ya yi gajarta a wurin da yake wasa, aka bar shi har na 35. Amma gabarsa ta kai mita 2.16, kuma da ita ya riƙa tare mutanen da suka fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ya ci kyautar tsaro a 2017. Kawhi Leonard ma haka, gaba mita 2.21 da tafin hannu mai buɗin sama da santimita 28.

To amma kada ka tsaya nan. A 2018 Mo Bamba ya zo da gaba mita 2.39, ya zarce Gobert, Orlando ta ɗauke shi a na 6, har yau bai zama Gobert ba. A 2019 Tacko Fall ɗan Senegal ya zo da gaba kusan mita 2.50, yana tsaye hannunsa ya wuce bakin kwando. Babu kulob ɗin da ya zaɓe shi a cikin sittin ɗin nan, daga baya Boston ta ɗauke shi, ya ɗan taɓa wasa kaɗan. Abin da ya hana shi, a NBA ta yau ana jawo dogon mutum waje nesa da kwando, a haɗa shi da gajere mai sauri, kuma idan ƙafafunsa ba sa iya juyawa da wuri, dogon hannun ya zama kayan ado. Desmond Bane kuwa gabarsa ba ta ma kai tsawonsa ba, abin da masu farautar 'yan wasa ke ƙi, aka bar shi har na 30 a 2020, ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu jifa daga nesa. Don haka dogon hannu yana ɗaga rufin abin da mutum zai iya kaiwa a tsaro, amma ba shi ke kai shi can ba.

Yanzu ga gwajin ƙarfi da tsalle, inda aka fi ruɗar jama'a. Labarin da kowa ke bayarwa shi ne na Kevin Durant a 2007. Ƙarfen nan mai kilo 84, ko sau ɗaya bai iya ɗaga shi ba, aka yi ta surutu cewa siriri ne, manya za su karya shi. Portland ta ɗauki Greg Oden a na 1, Seattle ta ɗauki Durant a na 2. Oden, wanda jikinsa ya burge kowa, ciwon gwiwa ya hana shi buga kakarsa ta farko gaba ɗaya, kuma duk rayuwarsa ta NBA wasa 105 ya buga, alhali kaka ɗaya wasa 82 ce. Durant ya zama gwarzon gasar a 2014, ya ci kofi a 2017 da 2018. Abin da mutane ba sa lura da shi, wannan gwaji yana cutar mai dogon hannu: ƙarfen yana yin tafiya mai nisa kafin hannun ya miƙe. Wato siffar da ke taimaka maka a fili ita ce ke kayar da kai a gwajin.

Zaɓen 2009 ya fi wannan koyarwa. Memphis ta ɗauki Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya a na 2 saboda tsawonsa mita 2.21. Minnesota ta ɗauki Jonny Flynn a na 6, yaron da ya yi tsallen sama da mita ɗaya a Shikago. Sai a na 7 Golden State ta ɗauki Stephen Curry, mai tsawon mita 1.88 ba takalmi, gaba mita 1.92, daga wata ƙaramar kwaleji mai suna Davidson. Thabeet bai zauna da gindinsa a ko'ina ba, Flynn ya yi fama da ciwon kwatangwalo, kaka uku ya yi. Curry ya sauya yadda ake buga wasan baki ɗaya, ya jefa ƙwallon maki uku, wato ta jifa daga nesa, guda 402 a kakar 2015 zuwa 2016, kuma a shekarar babu mai ƙuri'a ko ɗaya da ya zaɓi wani gwarzo ba shi ba. Nikola Jokić ɗan Sabiya kuwa, a 2014 sai a na 41 Denver ta ɗauke shi, a daidai lokacin da talabijin ke nuna tallar abinci. Jiki ne mai nauyi, ba tsalle ba gudu. Ya ci gwarzon gasar a 2021 da 2022 da 2024, ya ɗauki kofi a 2023.

Me ya sa gwajin ke kuskure haka? Abu na farko, a ɗakin gwaji yaro ya san inda zai gudu, ya san lokacin da zai tashi, babu mai ture shi, babu ƙwallo a hannunsa. A fili kuwa rabin sauri a ido yake da ƙwaƙwalwa. Wanda ya hango inda za a miƙa ƙwallo tun ba a miƙa ba, ya riga mai gudu isa wurin ko da tafiya yake yi. Abu na biyu, gwajin ana koyon sa. Yaran nan suna shafe makonni a sansanonin horo suna maimaita waɗannan gwaje-gwaje guda biyar ko shida. Har dabara akwai. Tsalle ana lissafa shi ne ta hanyar cire miƙar tsaye daga inda yatsa ya taɓa a sama, a kan wata sanda mai 'yan filafilan roba da ake kaɗawa. To idan yaro ya ɗan sauke kafaɗarsa lokacin da ake auna miƙar tsaye, ya rage santimita 5, sai tsallensa ya ƙaru da santimita 5 a takarda. Na ga wannan da idona a filinmu: na sa yara su shafa alli a yatsa su taɓa bango, wani mai wayo ya noƙe kafaɗa, da na kama gwiwar hannunsa na ja sama sai alamar allin ta haura da faɗin yatsu uku. Tun daga ranar, inda yatsa ya kai a sama nake rubutawa, ba bambancin ba.

Abu na uku, ana auna tashi ba a auna tsayawa. Akwai wata cibiyar nazarin motsin 'yan wasa a Santa Barbara ta jihar Kalifoniya, P3, da ke sa 'yan wasa tsalle a kan faranti masu auna ƙarfin taku, da kyamarori kewaye da su. Da suka auna James Harden, fitaccen ɗan wasan NBA, ba a tsalle ko gudu ya yi fice ba, a taka birki ne. Yana cikin gudu zai tsaya cak, mai tsaron sa ya wuce da taku ɗaya, wannan takun kuma shi ne sararin da yake jifa a ciki. Luka Dončić ma irin wannan baiwar gare shi. Tseren mita 23 ba zai taɓa nuna maka wannan ba.

Akwai kuma wata matsala ta lissafi da nake so ka fahimta sosai, don ita ce ke sa masu nazari da yawa faɗawa rami. Idan ka ɗauki 'yan NBA kaɗai ka duba ko tsawo yana tafiya da ƙwarewa, za ka ga alaƙar ba ta da ƙarfi, sai ka ce ashe tsawo ba komai ba ne. Kuskure ne babba. Matsakaicin tsawo a gasar wajen mita 2 ne, abin da a titi sai ka daɗe ba ka gamu da shi ba. Tsawo ya riga ya gama aikinsa a bakin ƙofa. Gajeren da ka gani a ciki, kamar Isaiah Thomas mai mita 1.75 da aka zaɓa a na 60 a 2011, ko Muggsy Bogues mai mita 1.60, bai shiga ba sai da ya zo da wata baiwa da ta fi ta dubban gajeru irinsa da aka bari a waje. Dogon kuwa wani lokaci tsawonsa kaɗai ke shigar da shi, ko hannunsa bai iya komai ba. Idan ka haɗa gajerun da aka tace sau dubu da dogayen da aka tace sau goma, dole alkaluma su nuna kamar duk ɗaya ne. Kamar ka je wurin da aka ware manyan raguna na layya kaɗai, ka ce girma ba ya shafar farashi don ka ga ƙaramin cikinsu ya yi tsada saboda ƙibarsa.

Ƙari a kan haka, wanda aka zaɓa da wuri ana ba shi lokacin wasa ko bai cancanta ba, don kulob ya zuba kuɗi da suna a kansa. Sai mai nazari ya ga masu dogon hannu sun fi samun mintuna, ya ce awo ya yi hasashe daidai, alhali awon ne ya sa aka zaɓe su, zaɓen kuma ya sa aka ba su mintunan. Sannan shekaru da yawa manyan yaran da aka san za a ɗauka a sahun farko ƙin yin gwajin suke yi, don ba abin da za su ƙaru da shi. Sai daga 2024 aka wajabta halarta ga waɗanda aka gayyata. Kenan tsofaffin alkaluman suna da rami daidai wurin da taurari suke.

To me ke hasashe da gaske? A ganina, babu kamar abin da yaro ya yi a fili idan aka haɗa shi da shekarunsa. Ɗan shekara 19 da ke juya manya ya fi ɗan shekara 23 da ke juya yara, ko da makinsu ɗaya. Dončić yana ɗan shekara 19 ya zama gwarzon babbar gasar kulob-kulob ta Turai tare da Real Madrid, yana wasa da magidanta. Duk da haka a 2018 aka sa Deandre Ayton da Marvin Bagley a gabansa, don jikinsu ya fi cika ido. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni takaici, saboda shaidar tana nan a fili, ba ɓoyayya ba ce. Masu gina tsarin lissafin hasashe kuma sun daɗe da lura cewa yawan ƙwace ƙwallo daga hannun abokin hamayya alama ce mai kyau, don tana haɗa ido da hannu da saurin tunani a wuri ɗaya. Haka nan jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta, ya tsaya shi kaɗai babu mai tare shi: yana nuna ko yaro zai iya jifa daga nesa nan gaba, sau da yawa fiye da yadda jifansa na maki uku a kwaleji ke nunawa. Dalili, jifan kyauta nisansa ɗaya ne kullum, yanayinsa ɗaya, don haka lafiyar hannun ce kawai ake gani.

Kada kuma a manta cewa awo hoton rana ɗaya ne. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne aka haife shi a Girka, yana ɗan shekara 18 Milwaukee ta ɗauke shi a na 15 a 2013, siriri kamar kara. Ya ƙara tsawo wajen santimita 5 bayan zaɓen, ya cika, ya ci gwarzon gasar a 2019 da 2020. Hakeem Olajuwon kuwa, tsohon tauraron NBA, a Legas ya tashi yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana buga ƙwallon hannu, sai da ya zama saurayi ya fara ƙwallon kwando. Dogaye irinsa sun yi yawa a zamaninsa, abin da ya raba shi da su shi ne aikin ƙafa, kuma shi da kansa ya sha danganta hakan da ƙwallon ƙafar yarintarsa. Ka kwatanta da Michael Olowokandi, shi ma haifaffen Legas, da aka ɗauka a na 1 a 1998 saboda jikinsa, aka bar Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce, waɗanda suka zo suka zama taurari, a baya. Kociyoyin Amurka suna yawan cewa tsawo ba a koyar da shi. Gaskiya ne, amma wannan magana ta sa kulob-kulob da dama asara. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, lokacin da yake jagorantar Toronto kulob ɗin ya ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru a na 27 a 2016, ya kuma ɗauko Fred VanVleet, gajeren da babu wanda ya zaɓa a shekarar. Su biyun suna cikin waɗanda suka ci kofin 2019.

Idan ka tambayi ma'aikatan kulob abin da ya fi kai su Shikago, da yawa za su ce maka ɗakin likita ne. A can ake ganin gwiwa da ƙashin baya da ƙashin ƙafa da zuciya. Joel Embiid ɗan Kamaru ya sauko zuwa na 3 a 2014 saboda karaya a ƙashin ƙafa, ya yi kaka biyu bai taka fili ba, sannan ya zama gwarzon gasar a 2023. Michael Porter ya sauko har na 14 a 2018 saboda ciwon baya. A wurin manyan mutane, nauyin jiki yana sauka kan ƙananan ƙasusuwan ƙafa sau dubbai a kaka, kuma wannan ne ke yanke wa da yawansu wasa.

Game da ƙanenka, ga abin da zan ce. Mita 2 a shekara 16 abu ne mai kyau, ya buɗe masa ƙofar da ba kowa ke samu ba. Ka auna shi ba takalmi, ka auna gabarsa, ka sa ya shafa alli ya miƙa hannu a bango kana riƙe da kafaɗarsa, ka rubuta, ka sake bayan wata shida. Amma ka roƙi kocinsa kada ya dasa shi a ƙarƙashin kwando don kawai ya fi kowa tsawo a unguwa. A nan shi ne dogo, a NBA kuwa mai mita 2 shi ke riƙe ƙwallo yana jifa daga nesa. Ya koyi tafiyar da ƙwallo da hannun hagu kamar na dama, ya yi jifan kyauta ɗari kullum kana ƙirga masa nawa suka shiga, ya nemi wasa da waɗanda suka girme shi. Idan yana buga ƙwallon ƙafa, kada a hana shi.

Abu ɗaya kuma nake roƙonka da shi tun kafin komai. A 2014 wani dogon yaro mai suna Isaiah Austin na jami'ar Baylor yana dab da shiga NBA, gwajin likita ya gano yana da ciwon Marfan, wani ciwon gado da ke sa mutum tsawo da dogayen hannuwa da yatsu, yana kuma raunana babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Kwanaki kaɗan kafin zaɓen aka ce masa ya dakata. Idan ƙanenka siriri ne ƙwarai, yatsunsa zara-zara, ƙirjinsa ya lotsa ko ya turo, ko idonsa ba ya gani sosai, ko akwai wani a dangi da ya faɗi ya rasu farat ɗaya yana matashi, ka kai shi asibiti a yi masa hoton zuciya kafin ya ƙara nauyin horo.